Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Tantance Majiyoyin Tarihi

Yawancin ɗaliban da ke shigowa ajin tarihi a babbar sakandare sun saba da hadda. An ce musu Bagauda ya hau mulkin Kano a 999, sun rubuta, sun haddace, sun juye a takardar jarrabawa. Ka tambaye su wa ya faɗi wannan shekarar, ta ina ya san ta, sai aji ya yi tsit. Irin wannan ɗalibin ne gobe za a turo masa hoto a WhatsApp a ce ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓa hannu biyu, ya tura wa mutum hamsin.

Abin da nake so malami sabon shiga ya riƙe tun farko shi ne, da wuya ka sami majiyar da take gaskiya tsantsa ko ƙarya tsantsa. Kowace majiya akwai tambayar da za ta amsa maka da aminci, akwai wadda in ka dogara da ita za ta kai ka ta baro. Aikinka shi ne ka koya wa yaro ya gane wace tambaya ce ta dace da wace majiya. Tsarin da ke ƙasa yana cin darasi shida zuwa takwas na minti 40, kuma ya dace da 'yan aji huɗu zuwa shida na sakandare da 'yan shekarar farko a kwalejin ilimi.

Kayan da za ka tanada

Guntayen majiyoyi, kowanne kada ya wuce rabin shafi. Wannan ne kashin bayan aikin, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ka nemi sakin layi biyu ko uku daga Tarihin Kano, wanda Palmer, wani jami'in mulkin mallaka, ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma akwai shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930. Ka haɗa da wani yanki na Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da bayanin Barth, matafiyin nan Bajamushe, kan birnin Kano, da guntun rahoton Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, kan yaƙin 1903, da shafi ɗaya daga labarin rayuwar wata tsohuwa, Baba ta Karo. In kana kusa da Kaduna, Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa za su wadatar da kai. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. In duk sun yi maka nisa, ɗakin karatu na kwalejin ilimi mafi kusa, ko wani tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, sukan fitar da kai kunya.

Sai dogon zare ko igiya da za ka ɗaura daga wannan bango zuwa wancan, da 'yan ƙananan takardu da abin maƙalewa, don jera shekaru. Sai taswirar ƙasar Hausa da Barno, ko da zanen hannu ce. Sai kwali babba da za ka rubuta tambayoyi biyar ka kafe a gaban aji: Wa ya faɗa? Yaushe? Ganau ne ko jiyau? Don wa ya faɗa, kuma me yake nema? Wa kuma ya faɗi haka, ko akasin haka? Sai waya ɗaya mai intanet, ko da taka ce.

In makaranta ba ta da kuɗin fotokofi, kada ka fasa. Ka rubuta kowace majiya da manyan baƙaƙe a kan kwali ɗaya, ka manna su a kusurwoyin aji, rukuni-rukuni su riƙa zagayawa. Ajin da ya haura ɗalibai 80 ma haka ya fi masa sauƙi, don takarda ɗaɗɗaya a hannun yara da yawa hayaniya take jawowa.

Akwai ɗan lissafin da za ka koya musu tun ranar farko, domin littattafanmu na da da shekarar Hijira suke aiki. A ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622, za a sami shekarar Miladiyya, da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Su gwada da 1218, shekarar hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu, za su faɗa tsakanin 1803 da 1804. Hijirar kuwa a watan Fabrairun 1804 aka yi ta.

1. Ka fara da abin da suka gani da idonsu

Ranar farko kada ka taɓa tsohon tarihi. Ka zaɓi wani abu da ya faru a makaranta cikin makon, wanda kowa ya halarta, kamar wasan ƙwallo tsakanin gidaje biyu ko taron safe da aka yi wata sanarwa. Kowa ya rubuta abin da ya faru cikin layi takwas, ba tare da ya leƙa na maƙwabcinsa ba. Ka karɓa, ka zaɓi huɗu ko biyar da suka fi saɓawa, ka karanta su ba tare da faɗin sunan masu su ba.

Za su bambanta, ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Ɗan gidan da aka ci zai ce alƙalin wasa ya yi son kai. Wanda ya tsaya bayan raga ya ga abin da na tsakiyar fili bai gani ba. Wani ma bai je ba, labari ya ji a ɗakin kwana, amma ya rubuta kamar a gabansa aka yi. Ka bar su su gano dalilan da kansu, kai kana rubutawa a allo: wurin tsayawa, ɓangaren da mutum yake goyon baya, mantuwa, ji daga bakin wani. Waɗannan huɗun su ne za su bi ku har ƙarshen zango.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zaɓar rigima ta gaske, kamar faɗa tsakanin ɗalibai ko hukuncin da aka yi wa wani. Darasin zai koma shari'a, wani ya tafi gida da ɓacin rai. Ka zaɓi abin da ba zai taɓa mutuncin kowa ba.

2. Ganau da jiyau, da tazarar shekaru

Yanzu ka ɗauko igiyarka. Ka maƙala takarda mai 999 a farkonta, ka rubuta Bagauda. Ka ce su duba ƙarshen Tarihin Kano su ga sarkin da littafin ya tsaya a kansa. Za su ga Sarkin Kano Muhammadu Bello ne, wanda ya rasu a 1893. Ka maƙala wannan a ɗaya ƙarshen. Ka ce ɗalibi ɗaya ya taka daga wannan takarda zuwa waccan, kowane taku shekara 50. Kafin ya kai, aji ya riga ya fahimci abin da kake nufi: kusan shekara 900 ke tsakanin mutumin da ake ba da labarinsa da lokacin da littafin ya kammala a yadda muka san shi.

Daga nan ka nuna musu abin da yakan ba su mamaki. Littafin kansa bai ce 999 ba. Abin da yake bayarwa shi ne tsawon mulkin kowane sarki, wane ya yi shekara kaza, wane wata kaza. Palmer ne ya tattara waɗannan ya yi lissafi da baya-baya har ya isa 999. Ke nan in an yi kuskuren shekara goma a mulkin sarki ɗaya, ko an tsallake sarki guda a jerin, duk shekarun da ke gabansa sun goce. Ka sa su yi irin wannan lissafin da sarakuna biyar na ƙarshe, sannan ka ƙara wa ɗaya shekara bakwai da gangan su ga yadda komai ya motsa. Masana irin su Murray Last da John Hunwick sun yi muhawara kan lokacin da aka rubuta littafin, ko a dunƙule aka rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 19 ko an gina shi ne a kan tsofaffin rubuce-rubuce. Ka gaya wa ɗalibai haka kai tsaye. Yana da kyau su san manya ma suna saɓani a kan hujja.

Mu a nan muna da wata gata da ya kamata malami ya yi amfani da ita. Mafi yawan yaranmu sun bi ta Islamiyya, sun san isnadi, sun san ana cewa wane ya ji daga wane, kuma in sarƙar ta tsinke ko an sami mai raunin hadda a ciki, darajar ruwayar takan sauka. Ka tuna musu wannan, ka ce irin tambayar da malaman hadisi suka yi wa masu ruwaya ita za mu yi wa masu ba da labarin sarakuna. Amma ka tsaya a nan. Hanyar bincike kake arowa, ba ka buɗe muhawarar aƙida a ajin tarihi ba, kuma in wani ya so jan zancen can, ka maido da shi cikin ladabi.

Ka kiyaye wani tarko: yara sukan fita daga wannan darasin da tunanin cewa ganau kullum ya fi jiyau. Ka maido su ga wasan ƙwallon jiya. Ɗan gidan da aka ci ganau ne, amma wanda ya saurari ɓangarori biyu daga baya zai iya fin sa adalci.

3. Wa ya rubuta, don wa, kuma ta hannun wa ya iso mana

Wannan matakin ya cancanci darasi biyu, kuma misalin da na fi so shi ne wasiƙar da Lugard ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902. Bisa fassarar Ingilishi da Lugard ya bayar, Sarkin Musulmi ya ce babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, irin wanda ke tsakanin Musulmi da kafirai. Da wannan wasiƙa, da kuma kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney da Magajin Keffi ya yi a watan Oktoban 1902 ya gudu Kano, Lugard ya kafa hujjar tura sojoji. An ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya gaji Abdurrahman, ya rasu a yaƙin Burmi cikin watan Yuli.

Ka raba musu fassarar wasiƙar ba tare da wani bayani ba, ka tambaye su me ta nuna. Za su ce ta nuna Sakkwato ce ta nemi yaƙi. Sai ka riƙa sakar musu bayani ɗaya bayan ɗaya, kana barin su su sake tunani bayan kowanne. Na farko, da Larabci fadar Sakkwato take rubuta wasiƙunta, abin da ke hannunmu kuwa Ingilishi ne, ke nan akwai tafinta a tsakani. Na biyu, masu bincike ba su sami asalin takardar Larabcin ba. Na uku, wanda ya bayyana wasiƙar shi ne mai buƙatar hujjar yaƙi, domin manyansa a Landan ba su ɗokin sabon yaƙi mai cin kuɗi. Na huɗu, wani tsohon jami'in mulkin mallaka mai suna Muffett ya fito a 1964 ya nuna shakkunsa a kanta.

A daidai nan aji yakan ɗauki zafi, wani ya miƙe ya ce ai ƙarya ce Lugard ya ƙirƙira. Kada ka bar shi ya tsaya a nan, ko da zuciyarka ta karkata can. Ka tambaye shi ina hujjarsa. Rashin samun asalin takarda dalili ne na shakka, bai kai hujjar ƙirƙira ba, don takardu da yawa sun ɓace a wancan zamanin. Ka jawo shi har ya iya faɗin jimla irin wannan: wasiƙar amintacciyar shaida ce a kan hujjar da Lugard ya gabatar wa Landan, amma mai rauni ce a kan ainihin kalmomin da Sarkin Musulmi ya rubuta. Ranar da ɗalibi ya iya raba waɗannan biyun da bakinsa, rabin aikinka ya ƙare.

Wannan ma'aunin kuma dole ya hau kan namu kamar yadda ya hau kan Turawa, in ba haka ba son rai muke koyarwa. Magatakardan fada yana cin abincin fada. Maroƙi yana kirari don a ba shi. Wanda ya ci yaƙi shi yakan sami damar zama ya rubuta. Faɗin haka ba rashin girmama magabata ba ne, su ma sun san da shi.

4. Haɗa majiya da majiya

Mai sayen hatsi ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ƙasa ya kuma leƙa buhun maƙwabci. Ga gwaje-gwaje uku, ka zaɓi biyu gwargwadon lokacinka.

Na farko, zuwan Wangarawa Kano. Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1349 da 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Amma akwai wani rubutun hannu na Larabci, Asalul Wangariyyin, mai ɗauke da shekarar 1061 ta Hijira, wanda Muhammad al-Hajj ya wallafa a 1968. Shi kuma a zamanin Muhammadu Rumfa ya sa isowar wannan malamin, kusan shekara ɗari bayan Yaji. Ka sa ɗalibai su juya 1061 da lissafinsu, za su sami 1651. Su maƙala komai a igiya, su amsa: wanne ya fi kusa da lamarin a shekaru? Wa zai fi sanin labarin, jikokin Wangarawan ko marubucin jerin sarakuna? Wa ke da dalilin ƙawata labarin? Shin zai yiwu ayari fiye da ɗaya ne suka zo, aka haɗe su a baki? Ba sai sun cimma matsaya ɗaya ba. Abin da kake nema shi ne kowane rukuni ya kawo dalili.

Na biyu, wasiƙun da suka gudana tsakanin Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Barno da jagororin Sakkwato. El-Kanemi ya tambayi dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello ya amsa da nasa hujjojin, ciki har da taimakon da Barno ta bai wa sarakunan Hausa. Abin lura ga ɗalibi shi ne, a cikin Infaƙul Maisur, wanda Bello ya kammala a 1812, muke karanta maganar El-Kanemi. Ya kawo hujjar abokin hamayyarsa da ƙarfinta, wannan abin yabo ne kuma yana ƙara wa littafin daraja. Duk da haka shi ya zaɓi abin da zai shiga, shi kuma ya yi maganar ƙarshe. Wannan gwajin yana buƙatar malami mai natsuwa, musamman a ajin da ke da Barebari da Fulani da Hausawa. Ka shimfiɗa sharaɗi tun farko cewa takardu ake aunawa, ba kakannin kowa ba.

Na uku gajere ne amma yana da amfani ƙwarai. Clapperton, wani matafiyi ɗan Birtaniya, ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000. Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya ce mazauna sun kai 30,000, sukan ninka a lokacin fatauci. Yara za su ce shaidu biyu sun dace, magana ta tabbata. Sai ka gaya musu cewa littafin Clapperton ya fito tun 1826 kuma Barth ya karanta shi kafin ya zo. Shaidu biyu ne ke nan, ko ɗaya da rabi? Sannan waye cikinsu ya bi gida-gida ya ƙirga? Babu. Ido ne da ƙiyasi. Wannan darasin zai yi musu amfani a intanet, inda shafi ashirin ke maimaita magana ɗaya da duk suka kwafo daga wuri guda.

5. Auna labari da hankali

Ibn Khaldun, tun a ƙarni na 14, ya soki marubutan da suka ce rundunar Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000. Ya tambayi wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili zai ɗauke su a jere, kuma ta yaya zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin 'yan tsatso kaɗan. Ka koya wa yara irin waɗannan tambayoyin. Duk inda suka ga an ce sarki ya fita da dawaki dubu kaza, su lissafa buhun dawa nawa za su ci a rana, rijiya nawa za ta shayar da su.

A nan ne wayarka za ta yi aiki. Ka nuna musu ɗaya daga hotunan da ake yawo da su da sunan Shehu Usmanu. Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa. Su maƙala shekarun biyu a igiya, su yanke hukunci da kansu. Bayan haka ka nuna musu yadda ake saka hoto a Google Lens a ga inda ya fara fitowa da sunan wanda aka ɗauka. In babu intanet, igiyar kaɗai ta isa.

Haka nan kayan tarihi da ake gani da ido. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, kowa zai iya zuwa ya sha ruwanta. Samuwarta ta tabbatar da cewa akwai tsohuwar rijiya da mutanen Daura suka daɗe suna girmamawa suna danganta ta da labarin Bayajidda. Ba ta tabbatar da kowane daki-daki na labarin ba. Ɗalibai su rubuta jeri biyu, abin da rijiyar ta tabbatar da abin da sai an nemo wata shaidar.

6. Wa ba a ji muryarsa ba

Ka ce su ƙirga mata nawa, manoma nawa, bayi nawa suka yi magana da bakinsu a duk takardun da aka karanta zuwa yanzu. Sannan ka raba shafin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ta ba da labarin harin masu kama bayi, da zaman rinji (ƙauyen bayi), da aure da kishi da goyo, abubuwan da jerin sarakuna bai damu da su ba. A kan rayuwar cikin gida ta fi Lugard da Palmer aminci nesa ba kusa ba. A kan ranar da aka yi wani yaƙi kuwa ba ita za a tambaya ba. Kuma ita ma tambayoyi biyar ɗin nan suna hawa kanta: tsohuwa ce tana tuna yarintarta, tana magana da baƙuwa Baturiya, aka kuma mai da maganarta Ingilishi.

7. Su fita su ɗauko tarihi da kansu

Ka raba su uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi abu ɗaya a garinsu da ya faru cikin shekara 50 zuwa 70 da suka wuce: kafa kasuwa, gina masallacin Juma'a, zuwan makarantar boko, ko yunwar farkon shekarun 1970 da ta biyo bayan fari. Su tambayi dattawa biyu, kowanne shi kaɗai, kuma in da hali ɗaya ta kasance mace. Kada su haɗa su wuri ɗaya, domin ƙaramin zai bi bakin babban ne saboda kunya.

Ka koya musu ladabin abin kafin su fita. A fara sanar da mai unguwa. A je da gaisuwa, a durƙusa, a ce Baba ko Inna ko Malam kamar yadda ya dace, a nemi izini kafin a kunna rikoda. Kada a ce wa dattijo ya yi kuskure, ko da shekarun da ya faɗa sun saɓa da na littafi. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce, “Baba, a gabanka aka yi, ko labari aka ba ka? Wa ya ba ka?” Dattawa da yawa ba sa riƙe shekara da lamba, don haka a tambaye su da abin da suka sani: zamanin wane sarki ne, kafin a kashe Sardauna ne ko bayan nan, an canja kuɗi zuwa naira ko tukuna. Sardauna a Janairun 1966 aka kashe shi, naira kuma a 1973 ta fito, ga turaku biyu ke nan da za a ɗaure labari a jikinsu.

Ka hana su taɓa rigimar sarauta, da iyakar gona, da asalin wani gida. Irin waɗannan sukan tayar da ƙurar da yaro ba zai iya kwantarwa ba, kuma kai za a nema. In iyaye ba su yarda 'yan mata su fita ba, su tambayi kakanninsu a gida, sau da yawa ma nasu labarin ya fi armashi. In fita ba ta yiwuwa gaba ɗaya, ka gayyato dattawa biyu makaranta a ranaku daban-daban.

8. Rubuta hukunci da ba da maki

Kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya a kan majiya ɗaya da bai taɓa gani ba, wadda ka ɓoye don wannan ranar. Ka hana kalmomi biyu su tsaya su kaɗai: “gaskiya ce” da “ƙarya ce”. Ka ba su matakai huɗu da za su zaɓa daga ciki: tabbatacce, mai rinjaye, mai rauni, abin da ba a iya sani da wannan shaidar. Kuma dole su faɗi a kan wace tambaya suka yanke hukuncin.

In maki 20 ne, ka ba da 4 ga gano marubuci da lokacinsa da tazararsa da lamarin, 4 ga gano wanda aka rubuta wa da abin da marubucin ke nema, 5 ga kwatanta ta da wata majiya, 5 ga hukunci mai dalili, 2 ga faɗin irin shaidar da zai so ya ƙara nema. Kada ka ba da maki don ɗalibi ya dace da ra'ayinka. Wanda ya saɓa maka da hujja ya fi wanda ya bi ka babu hujja, kuma ya kamata ya ga haka a takardarsa.

Za ka sami wasu da suka wuce gona da iri, kowace majiya suka gani sai su rubuta cewa marubucin yana da son rai, su ajiye alƙalami. Ka mai da musu takardar ka rubuta a gefe: to, duk da son ran nasa, me za mu iya koya daga gare shi? Rahoton Razdan da ya raina mutanen gari yana iya zama daidai a kan yawan harajin da aka tara, domin a kan kuɗin nan manyansa za su tuhume shi. Waƙar maroƙi da ta cika da zuga tana nuna maka halayen da mutanen zamanin suke so a ce sarkinsu yana da su.

Ka bar igiyar da kwalin tambayoyin a bango har ƙarshen shekara. Duk sabon babi da za ka shiga a manhaja, ko daular Barno ce ko cinikin Sahara ko siyasar jamhuriya ta farko, ka ware minti biyar na farko ga majiya ɗaya, ɗalibi ɗaya ya tashi ya bi da ita ta tambayoyin biyar, ya maƙala shekararta a inda ta dace. Takardun hirar da suka yi da dattawa kuma ka sa a rubuta sunan gari da ranar hira da shekarun mai magana a kan kowace, ka ɗaure su a fayil ɗaya ka ajiye a ofishin shugaban makaranta, domin 'yan ajin baɗi da su za su fara mataki na huɗu.